Babi na Uku da Manhajar Baba

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa, lafiyarmu lau, ban da hawan jinin da kika jawo mini.

Na karanta babi na uku na kundin digirinki da kika aiko in sa hannu. Ashe manhajar rajistar marasa lafiya da na rubuta wa asibiti tun ba a haife ki ba, ita kika kwantar kika yanka a gaban malamanki? Wai "misalin yadda manhaja ke rufe wa mutane ƙofa". Ni na rufe wa wani ƙofa? Kafin ita, a kwali ake neman katin mutum, sai a wuni ana tonawa.

Ba zan sa hannu ba. Kada ki kira, na kashe wayar.

Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaishe ka da ladabi, ina gaida Mama.

Don Allah Baba, ina na zage ka? Manhajar na soka. Ka tilasta a cike gurbin ranar haihuwa, in ba haka ba na'ura ba ta buɗe kati. Tsofaffin da ba su san ranarsu ba fa? Ma'aikatan rajista sai suka riƙa buga musu ɗaya ga watan ɗaya, kowa da kowa. Na zauna da wata tsohuwar nas, ta ce an yi tsofaffi biyu, suna ɗaya, ranar ƙarya ɗaya, manhajar ta haɗe su a kati guda. Saura kaɗan a ɗirka wa ɗayar allurar ciwon suga, alhali ƙafa ce ta kawo ta.

Ku tambayarku ita ce, tana aiki? Mu kuma muna tambaya, wa take yi wa aiki? Shi ke nan fa abin da babin ya ce.

In babu izininka ba zan iya buga layukan manhajar a kundin ba. Babin ya rushe, sai baɗi in kare kundin a gaban malamai. Wallahi na gaji.

Taka,
Auta.

*

Auta,

Muna amsawa. Mamanki ta daina yi mini magana sai da hannu, kin kyauta.

Kin ɗauka ku kuka ƙirƙiro suka? A zamaninmu a takarda ake rubuta manhaja. Mu kewaye tebur a ɗakin da sanyin na'ura ke shiga ƙashi, kowa da jan biro, a yi wa aikinka kaca-kaca kana zaune, kafin a bar ka ka taɓa kwamfuta. Amma ido da ido ake yi, kuma ana barin ka ka yi magana. Ke kuwa kin gurfanar da ni, kin yanke hukunci, sannan kika aiko in sa hannu.

Da kin tambaye ni, da kin ji cewa na sa gurbin "ba a sani ba". Shugaban asibitin ne ya ce a cire, wai ma'aikata za su yi lalaci su riƙa danna shi. Mun yi ta cacar baki har ya nuna mini ƙofa. Wannan yana cikin layukan da kika karanta? Ba ya ciki. Kuma kin kwafi layi ɗaya ba daidai ba, kin cinye waƙafi. A haka ko tashi ba za ta yi ba.

Zancen tsofaffin nan biyu, ban taɓa ji ba. Wace nas ce? Tsohuwar ta warke?

Mahaifinki.

*

Baba,

Barka da war haka. Ta warke, ta yi shekaru bayan nan. Na gyara waƙafin. Zancen shugaban asibitin kuwa ya wargaza mini rabin babin, dole in sake rubutu. Me ya hana ka faɗa tun farko?

Auta.

*

Auta,

Yaushe kika tambaya?

Ga takardar izinin, na sa hannu. Sharaɗina, ki buga amsata a ƙarƙashin sukarki, ba ragi. Ranar kare kundin kuma ki ajiye mini kujera a gaba. Ina da tambayoyi.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.