Fiyus ɗin da Ke Ƙarƙashin Kujerar Babur

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata ka huce gajiyar hanya, kuma iyalinka suna lafiya.

Na zaɓi takarda ne don ba na son ɗaga murya, ka kuwa san ban iya ba. Wata goma sha tara babur ɗinka yana ɗakin ajiyata, tun ranar da aiki ya ɗauke ka. Saboda shi na fitar da keken ɗinkina baranda, rana tana dukansa. Duk mako ina yaye zanen da na rufe shi, in goge ƙura, in mayar. Ko jikokina ban bari sun hau kujerarsa da wasa ba.

Jiya ka murɗa makulli, fitila ba ta kama ba, hon bai yi ko tari ba. Sai ka tsaya a ƙofar gida, gaban mai kanti da maƙwabta, kana cewa Baban yara ya canja maka batir, ya yi yawo da babur ɗin har ya kashe shi. Mutumin da gwiwa ta hana shi sujada sai a kan kujera! Har yau bai taɓa abinci ba.

Ni na goya ka, Auta. Tun ina riƙe da allo aka koya mini nauyin amana. Gobe zan kira bakanike. In laifinmu ne, da bakina zan faɗa a inda ka faɗi taka.

Yayarka.

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Mu dai da sauƙi, Baban yara ya sha shayi da safe.

Bakanike ya zo, na sa mai kanti ya tsaya shaida. Batirin naka ne, ga alamar da ka karta da ƙusa a gefensa. Ya ce zama ne ya tsotse shi, kawunansa kuma sun yi farin gari. Ya kankare su, ya kai caji, ya zubar da tsohon man da ya yi tsami a tanki, ya wanke fulogi. Ya mayar da batir, shiru. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya ko ɓera ya ci, lafiyarsu ƙalau. Da ya buɗe gidan fiyus, ɗan abin nan da wuta ke bi ta cikinsa, sai ya tarar wayam.

Na ce a raina wa ya shiga ɗakin ban sani ba. Bakaniken yana ɗaga kujerar babur ɗin sai ga fiyus ɗin a ƙasanta, an naɗe a takarda an manne da salatif. Takardar rasit ce ta shagon da ka yi aski ranar tafiyarka, ga kwanan wata. Bakaniken ya yi dariya, ya ce dabarar masu tsoron a hau musu babur ce, sai dai su sukan tuna. Yana sa shi fitila ta kama, injin ya tashi har kajina suka watse.

Mantuwar ba ta dame ni ba, kowa yana yi. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne ranar da ka miƙo mini makulli kana cewa ba ka da kamar ni, ashe ka riga ka cire fiyus ɗin. Wata goma sha tara ina goge abin da aka kulle saboda ni.

Ban riƙe ka da mugunta ba, amma ban huce ba, kuma ba zan yi ƙaryar na huce ba. Na sa an mayar da fiyus ɗin cikin takardarsa, inda ka ɓoye shi. Ka zo gobe bayan la'asar, lokacin da mutane ke zaune a ƙofar mai kanti. Baban yara ma za mu fito masa da kujerarsa. Ka ɗaga kujerar babur ɗinka da hannunka, ka sa abinka.

Keken ɗinkina ya koma ɗaki.

Wassalam,
Yayarka.