Kwalbar Mma Adiza

Daren Laraba, watan Sha'aban

Yau aka rufe ɗakin maganin Zongo, ni na miƙa makulli. Sabuwar gwamnatinmu ta Ghana ta mayar da kuɗinsa babban asibiti, can wajen Bantama. Shekara da shekaru ina tafinta a wurin. Kowa yakan zo da wankakkiyar kwalbarsa, a cika masa jan maganin tari, a tambayi mutanen gida. Tun yanzu ina kewar warin wurin.

Ina fitowa sai ga tsohuwa Mma Adiza mai koko, riƙe da kwalbarta. Na ce, "Mma, yanzu sai Bantama."

Ta ce, "Ɗana, can wa ya san tarina?"

Ta miƙo mini kwalbar, ta juya. Ga ta nan gabana, na kasa yar da ita.