Inna, Ba Aske Girata Na Yi Ba

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa cikin ladabi, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ni ce Safiya. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, amma shekara uku da rasuwarki, har yanzu ke nake fara nema idan tsoro ya kama ni.

Inna, bayan tafiyarki na yi ciwo. Wani ƙulli ya fito mini a wuya. Aka kai ni asibiti a Gaya, daga can aka tura mu Kano, likita ya ce ciwon daji ne. Wata shida ana ɗaura mini ruwan magani. Yanzu an gama, sai dai in riƙa komawa ana duba ni. Baba bai gaya wa kowa a garinmu Toranke ba sai ƙanwarsa, Gwaggo Asabe. Ya ce wa mutane ciwon wuya ne, don kada a riƙa shigowa ana kallona kamar an zo ban kwana.

Gashin kaina ya zube, amma hijabi ya rufa mini asiri. Ban san gira ma tana tafiya ba, har da gashin ido. Hijabi kuwa iyakarsa goshi.

Ashe gira da gashin ido aiki suke yi mini. Yanzu gumi kai tsaye yake gangarowa cikin idona. Ranar da Gwaggo take sheƙar gero na tsaya riƙe mata ƙwarya, ƙaiƙayi ya cika mini ido, na wuni ina hawaye. Ta ɗauka kuka nake, ta zauna tana lallashina. Na bar ta a haka.

Kin tuna ranar Juma'a, yadda kike matse ni tsakanin gwiwoyinki ki sa mini kwalli? Ina ta ƙifta ido, kina cewa, "Tsaya mana, wannan gashin ido naki kamar tsintsiya." Tandun yana nan a cikin kwallarki. Na gwada sau ɗaya, kwallin ya bazu har kumatu.

Shekaranjiya na je ɗiban ruwa a burtsatse. Wata tsohuwa daga unguwar gabas ta ƙura mini ido, ta ce, "'Yar nan, aske gira kika yi? Ki ji tsoron Allah, uwarki mutuniyar kirki ce." Matan da ke layi suka juyo. Na ɗauki bokitina rabi na dawo gida. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ta sa sunanki a ciki.

Ga shi ranar Litinin zan koma makaranta. A wajen asambili shugabar ɗalibai tana bin layi da jiƙaƙƙen hankici, duk wadda ta yi kwalliya a goge mata a gaban kowa. Da ina aji biyu ni ma an taɓa ba ni kofin ruwan na riƙe. Gwaggo ta sayo mini jagira a kasuwar Gaya. Na zana gira a gaban madubi, ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Idan na je da ita, za a goge a ga babu komai a ƙasa. Idan na je haka, Malamar addini za ta yi zaton abin da tsohuwar nan ta zata. Kuma kin san ni, ko an tambaye ni abin da na sani a aji, muryata ba ta fita.

Jiya da la'asar na sami Baba yana gyara ƙotar fartanya, na roƙe shi ya bar ni in faɗi sunan ciwon. Ya ajiye fartanyar. Sannan ya ce dama ni yake ji wa, in zan iya, ya yarda.

Ban sani ba ko zan iya da baki. Shi ya sa na rubuto miki, na kuma ari wayar Gwaggo zan sa wasiƙar inda 'yan ajinmu za su gani. Ke nake gaya wa, su kuma su ji. Ina tsoron su daina zama kusa da ni. Ina tsoron kallon tausayi. Likita ta ce gashin zai dawo a hankali, amma ba kafin Litinin ba, don haka da fuskata haka zan tsaya a layi.

Innata, da kina nan da kin raka ni ko bakin ƙofar makarantar ne.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki. Ya ba ni lafiya mai ɗorewa. Ya riƙe mini ƙafafuna idan shugabar ɗalibai ta iso kaina.

'Yarki mai kewarki,
Safiya