Kyaftin Mannir na Funtua Ne, Mahaifiyarsa Tana Nan

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Dillalan Hatsi ta Funtua ta samu labarin rasuwar ɗanta, Kyaftin Mannir Abdussamad, matuƙin jirgin sama, ɗan tsohon shugabanmu marigayi Alhaji Abdussamad Mai Masara, wanda Allah Ya karɓi ransa tare da mataimakinsa ranar Laraba, a haɗarin jirgin ɗaukar kaya da yake tuƙawa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

A rumfunanmu marigayin ya tashi, yana ɗinke bakin buhu bayan makaranta, kuma da ya zama kyaftin bai taɓa zuwa gida ya wuce kasuwa ba, sai ya durƙusa ya gaida dattawa sanye da kakinsa. Shi ya rufe mana rumfar awo da kwano, bai yarda an rubuta sunansa ba.

Bayanin da kamfaninsa ya ba iyali shi ne, suna sauka cikin hadari, ba a ganin ƙasa sai abin da na'urori suka nuna, fitilar da ke tabbatar da fitowar tayoyi ta ƙi kamawa. Hankalinsu su biyu ya tafi kan fitilar, jirgin yana ta yin ƙasa ba wanda ya lura. Ashe tayoyin sun fito, ƙwan fitilar ne ya mutu.

Mun ji sanarwar da wata ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta Malumfashi ta riga mu kaiwa rediyo, tana kiransa ɗan Malumfashi, don can ya yi sakandare, can ya auri Hajiya Yasmin. Madalla, mun gode musu. Sai dai sun lissafa lambobin yabonsa kaf, da aka zo maganar fitila suka yi gum, kamar abin kunya ne. Mu ba mu tsince shi da hular kyaftin ba. Namu ne da yabonsa, namu ne da shagalar da ta riske shi, wadda za ta iya riskar kowane ɗan Adam.

Abin da ya ci mana rai shi ne, tun fitar sanarwar, motocin manya suna ratsa Funtua suna wucewa Malumfashi, alhali Hajiya Mairo, wadda ta haife shi, tana zaune an shimfiɗa tabarmi, tana ɗaga kai duk lokacin da ta ji ƙarar mota.

Muna roƙon Allah Ya gafarta masa da mataimakinsa, Ya ba Hajiya Mairo, Hajiya Yasmin da marayunsa haƙurin jure wannan rashi. Ba mu hana kowa zuwa Malumfashi ba. Amma daga gobe mutanenmu za su tsaya a shataletale, duk motar ta'aziyya da ta shigo za su raka ta ƙofar uwar tukuna.

Alhaji Isah Maiwada
Kakakin Ƙungiyar Dillalan Hatsi, Funtua