Gefen Katin Orest

Litinin, 2 ga Oktoba

Mijina Orest yana asibiti, an sa masa sabon ƙugu. Na samu sarari na shiga ɗakinsa da tsintsiya. Katunan 'yan wasan hoki ko'ina, har cikin gwangwanin biskit. Na ciro wancan na mai tsaron raga, wanda ya samu cikin fakitin cingam yana ɗan shekara tara, wanda yake nuna wa kowane baƙo kamar hoton jika. Gefensa duk ya yi gashi-gashi. Shekara arba'in ina ɗinkin bargo, idona ba ya jure karkataccen baki. Na sa rula da reza, na share masa gefe huɗu. Ya fito tsaf. Har daɗi na ji, ni sakarya.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Ƙaninsa Myron ya zo ya sauke mana tagogin da muke ƙarawa lokacin sanyi daga ma'ajiya. Ya cinye faranti biyu na perogi. Na bar shi a gidan na tafi asibiti.

Asabar, 14 ga Oktoba

Wayyo ni Halyna.

Mun je kasuwar katuna a Yorkton, Orest yana dogara sanda, wai yau zai ji kuɗin abinsa, ba don ya sayar ba. Mai kimantawa ya ɗora gilashi, ya auna, ya cire tabarau. Wai kamfanin da siririyar wayar ƙarfe yake yanka su a zamanin, gashin nan shi ne shaidar asali. "Baba, da ba a taɓa shi ba, dala dubu talatin ne. Yanzu kam, ba ruwana." Orest ya shafa gefen da babban yatsa. Kunnuwansa suka yi ja. Ni ina tsaye riƙe da jaka kamar an dasa ni.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Ya tambaya wa ya shiga gidan. Na ce Myron. Gaskiya ce ai, ya shiga.

Talata, 17 ga Oktoba

Ina wanke-wanke ina jin sa a waya da Myron. "Tun muna yara kake hassadar katin nan, ɗan banza! Ka ɗauke nawa ka ajiye min na bogi!" Na buɗe famfo sosai. Tsoro nake ji, ba na duka ba, bai taɓa ɗaga min hannu ba. Kallon da zai yi min nake tsoro. Zan faɗa masa in ƙafar ta yi sauƙi.

Laraba, 25 ga Oktoba

Myron ya tare ni a bakin kanti, ƙanƙara na sauka. Ya ce, "Matarmu, wannan yanka miƙaƙƙe, ko injin bai kai hannunki ba." Na rasa inda zan sa ido. Ya yi dariyar nan tasa. Wai in bar shi a kansa, shi da Yaya shekara sittin suna faɗa, ɗaya ba zai cika musu kwando ba. "Ni yana iya fushi da ni ya ci abinci. Ke fa, wa zai dafa masa?" Da zai shiga mota na ga ya tsufa. Orest ya hana shi kujerarsa a filin wasan hoki, inda suke zama tare tun kafin a haifi yaranmu.

Juma'a, 27 ga Oktoba

Ban faɗa ba. Ƙafar ta yi sauƙi.

Lahadi, 5 ga Nuwamba

Orest ya tafi kallon wasa shi kaɗai jiya, ya dawo tun ba a tashi ba. Ya rataye hula ya wuce ɗaki.

Yau bayan coci muna shan kofi a ɗakin ƙasa na cocin, ƙawata Stefania ta matso, wai da gaske ne abin da ake faɗa kan Myron? Na juya cokali. Na ji bakina yana cewa, "Ke dai bari, ai dama hannunsa ba ya zama wuri ɗaya."

Muryata ko rawa ba ta yi ba. Na ƙara yankan kek.