Kujerar Dama

Ummi,

Assalamu alaikum. Ya ƙafar taki? Ya su ɗan'uwana Walid da mutanen unguwarmu Ƙuba? Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa.

Ni lafiya lau. Karatu na tafiya, ina cin abinci, kada ki damu.

Na shiga koyon tuƙi don in sami lasisin Malesiya. A nan ta hagu ake bi, sitiyari kuma yana dama. Sau biyu na kai hannun dama zan kama giya na bugi ƙofa. Malamar tuƙin ta yi dariya, ni ma na taya ta.

Kin tuna Baba yana koya mini mota a hanyar gonakin dabino na Awali? Yana zaune a damana, da na taka mai sai ya ce, "Shuwayya shuwayya, Nadiya, a hankali." Jiya na rikice a shataletale, na juya dama in tambaye shi. Gilashi kawai na gani. Ashe ni ce zaune a inda yake zama. Na ƙarasa zagayen, na faka daidai, malamar ta yaba.

Kin tambaye ni a waya ko na yi kuka. Ban yi ba, Ummi, wata biyu ke nan. Ban san dalili ba.

Ki aiko mini da dabinon ajwa idan an sami mai zuwa. Ki ce wa Walid ya hau motar Baba yadda yake so, amma kada ya matsar da kujerar dama. Baba ne ya tura ta baya saboda gwiwarsa. A bar ta haka sai na zo.

'Yarki,
Nadiya