Ƙofar Yoila

Asabar, 14 ga Yuni, 2014
Sati uku ke nan da mijina Yoila ya hau motar Damboa zai duba mahaifiyarsa. Shiru. Waya a kashe.

Na je filinmu na Jiddari Polo. Ɗakin na nan, da rufi, babu ƙofa. Katakon ƙofar goma ne jingine da gini, huɗu kawai ya samu ya shafa wa baƙin mai. Kowanne ƙafa bakwai, wai ya gaji da buga goshi a ƙofar gidan haya. Dogon banza. Dariya na yi masa ranar.

Lahadi, 20 ga Yuli, 2014
Ruwa ya sauka sosai. Daga coci na wuce na naɗe katakon da tampol, na ɗaure tam, ko iska ba ta shiga. Ba zai dawo ya ce na bar masa kaya a ruwa ba.

Alhamis, 9 ga Afrilu, 2015
Ƙanwarsa Phoebe ta ce a yi masa addu'ar bankwana. Na ce ta fita mini daga ɗaki.

Asabar, 27 ga Agusta, 2016
Mai gidan haya yana son ɗakinsa, danginsa sun gudo daga Bama. Me zan ce? Dole na koma ɗakinmu na Jiddari Polo, sai an sa ƙofa.

Litinin, 3 ga Oktoba, 2016
Na kai Baba Umara kafinta filin, muka kwance tampol. Wari ya buge mu. Shida sun yi baƙi, sun yi funfuna, yatsana ya nutse a ɗaya kamar burodi.

"Malama, katako yana son numfashi," in ji shi. "Rana ta bugi tampol, ya yi ta gumi a ciki, ba hanyar bushewa. Da a inuwa kika bar shi, iyakaci ya kode ya tsattsage."

Ashe ni na ruɓar da su. Shekara biyu ina cewa tsarewa nake yi. Na zauna a ƙasa na yi kuka a gabansa, ban ji kunya ba.

Huɗun da Yoila ya shafa wa mai sun tsira, sai dai gindinsu ya sha ruwa.

Laraba, 5 ga Oktoba, 2016
Baba Umara ya auna. In an yanke ruɓaɓɓen gindin, ƙafa shida za ta rage, sai a cike saman da bulo. Ya ce, bai kalle ni ba, "Ko mu jira a samo dogo?"

Na ce ya yanke.

Ni ai gajeriya ce.